Yadda Ake Ƙera Adon Ƙarfe Don Lambun Baje Koli a Bikin Furanni na Chelsea

Duk shekara wajen ƙarshen watan Mayu, harabar Asibitin Masarauta na Chelsea da ke bakin Kogin Thames a Landan takan cika da lambuna waɗanda wata guda baya babu ko ɗayansu. Asibitin gidan tsofaffin sojoji ne da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682, kuma tun 1913 ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, wato RHS, take yin bikin furanninta a can. Kwana biyar ake yi, mutane sama da 140,000 su zo su gani, sannan a kwashe komai a mayar da filin yadda aka same shi. Manyan lambunan baje koli ana gina su ne cikin kimanin sati uku, har da itatuwa da duwatsu da ruwa mai gudu, kuma da wuya ka zagaya ba ka ci karo da aikin ƙarfe ba: allo mai huji, ƙwallo mai sheƙi, ko sanduna da aka ƙera kamar karan ciyawa.

Duk wanda ya iya haɗa ƙofar get mai kyau yana da rabin hannun wannan aiki. Sauran rabin lissafi ne da tsara lokaci, domin a filin biki ba a gyara kuskure. Abin da ba ka warware a shago ba, haka alƙalan gasar lambunan za su same shi. Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne allon ƙarfe mai tsayin mita 2 da faɗin mita 1, mai ɗan lanƙwasa, wanda aka yanka masa zanen ganye.

Mataki na 1: Zauna da mai zanen lambun kafin ka taɓa ƙarfe

Lambun ba naka ba ne. Mai zanen lambu ne ya nemi gurbi tun shekara guda baya, shi ya rubuta wa RHS bayanin abin da yake nufi da lambunsa, kuma da wannan rubutaccen bayani alƙalai suke auna shi kafin su ba da lambar zinariya, ko azurfa mai ruwan zinariya, ko azurfa, ko tagulla. Idan ya rubuta cewa lambun wurin natsuwa ne ga marasa lafiya, kai kuma ka kawo ƙarfe mai walƙiya da ke ɗauke ido daga komai, ka rage masa maki komai kyan aikinka. A lambu furanni ne masu gida, ƙarfe baƙo ne, kuma baƙon kirki ba ya zama a kujerar mai gida.

Don haka ka karɓi kwafin bayanin da taswirar lambun, ka yi tambayoyi har sai ka gamsu. Daga ina mutane za su kalli aikin? A Chelsea ba a barin 'yan kallo su shiga manyan lambuna, a bayan igiya suke tsayawa, yawanci daga gaba da gefe ɗaya. Babban lambu yakan kai mita 22 a tsawo da mita 10 a faɗi, saboda haka idan allonka yana can ƙurya, daga nisan mita goma sha wani abu za a hange shi. Ƙananan zane masu faɗin yatsa ba za su fito ba, ɓata kuɗi ne. Wane tsayi tsirran da ke gabansa za su kai a makon bikin? Idan za su kai santimita 70, kashi ɗaya cikin uku na allon ya ɓuya, sai ka ɗaga zanen sama. Wane launi ne furannin? Me ke bayan allon, shinge mai duhu ko sarari?

Sai batun rana. Wanda ya saba da ranar da ke tsayawa a tsakar ka zai iya mantawa cewa a Landan ba ta taɓa yin haka. A ƙarshen Mayu da tsakar rana tana kudu ne, ta ɗaga kusan digiri 60, inuwa kuma tana faɗuwa arewa. Allo mai huji rabin kyansa a inuwarsa yake, don haka ka san inda za ta sauka, kan daɓe ne ko cikin ganyaye inda ba mai ganinta.

Game da siffa, wanda ba ya son ƙera surar mai rai bai rasa komai ba. Mafi yawan adon ƙarfe da ke dacewa da lambu ganye ne, ƙwayar iri, da'ira, ƙwallo, ko agogon rana. David Harber, wani mai ƙera adon lambu da ya daɗe yana baje koli a Chelsea, da agogon rana da ƙwallayen ƙarfe ya yi suna. Su kansu masu bikin suna da abin da ba sa so: shekara da shekaru sun hana 'yan gajerun mutum-mutumin nan masu jar hula da Turawa ke ajiyewa a lambu, sai a 2013 suka ɗaga ƙafa don cikar bikin shekara ɗari.

Kafin ku tashi, ku rubuta wa zai mallaki aikin bayan biki, wa zai biya mota da ƙugiyar ɗaga kaya, wa zai yi inshora.

Mataki na 2: Ƙaramin samfuri, sannan babba na kwali

Yi samfuri a ma'aunin 1 cikin 10, wato santimita 20 da 10, da kwali ko gwangwani. Kafa shi a tire mai yashi, ka soka 'yan rassa a gabansa daidai tsayin tsirran, ka sunkuya idonka ya zo daidai inda idon mai kallo zai kasance. Haska shi da tocila daga kudu ka ga inuwar.

Idan mai zane ya amince, yanka shi da cikakken girmansa a kwali mai kauri ko siririn katako, ka fitar da shi waje, ka ja da baya mita 15. Kusan kullum abin da ya cika shago yakan ƙanƙance a sarari. Gara ka gane haka da kwali.

Mataki na 3: Zaɓen ƙarfe

Nan ne kuɗi da lokaci suke rabuwa, don kowane ƙarfe da nasa hali.

Baƙin ƙarfe na gama-gari shi ne mafi araha, ya fi sauƙin walda da ƙira a wuta, amma idan aka bar shi tsirara tsatsa za ta ci gaba da cinsa har ya huje. Dole a rufe shi da fenti, ko tutiya, ko mai.

Corten shi ne ɗan gatan masu zanen lambu. Kamfanin US Steel na Amurka ya fito da shi a shekarun 1930, ƙarfe ne da aka sa wa ɗan jan ƙarfe da kuromiyom da nikel. Yana yin tsatsa kamar kowane ƙarfe, sai dai tsatsar tana manne masa ta zama fata mai tsare abin da ke ciki. Babban misalinsa a Ingila shi ne mutum-mutumin Angel of the North na Antony Gormley a garin Gateshead, mai tsayin mita 20 da faɗin fukafukai mita 54, yana tsaye tun 1998 ba fenti. Launinsa yana tashi daga ruwan lemo zuwa ruwan ƙasa mai duhu, kuma yana karɓar koren ganye da furanni masu ruwan shuɗi da shunayya ƙwarai. Amma yana da sharuɗɗa uku. Sai yana jiƙewa yana bushewa fatar take kamawa, don haka duk inda ruwa ke kwanciya ko inda ƙasa ta rufe shi, ruɓewa yake kamar ƙarfen banza. Gishirin bakin teku yana hana fatar zama. Sannan a watanninsa na farko yana zubar da jan ruwa da ke ɓata farin dutse, tabon kuma ba ya fita da sauƙi.

Farin ƙarfe mara tsatsa, wanda masu walda ke kira sitenles, yana da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Iri-iri ne, kowane da lambarsa: lamba 304 ta isa a yawancin lambuna. 316, mai molibdenom, ita ake nema idan aikin zai zauna cikin ruwa ko kusa da teku. Idan aka goge shi ya zama madubi yakan ɗauko furannin da ke kewaye ya nuna su. Hattara da madubi mai lotsawa ciki, domin yana tara hasken rana wuri guda har ya ƙone ganye. A 2013 wani dogon bene mai lotsattsen gilashi a titin Fenchurch na Landan ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a ƙasansa. Idan za ka yi madubi, yi mai tudu waje.

Jan ƙarfe da tagulla suna da tsada, sun fi dacewa da ƙananan sassa kamar ganye ko ƙwallo a kan sanda. Alminiyom kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ne, yana da amfani ga abin da za a rataya. Duk lokacin da za ka haɗa ƙarfe iri biyu, misali jan ƙarfe a jikin mai tutiya, raba su da washa ta roba, in ba haka ba da zarar ruwa ya shiga tsakaninsu ɗaya zai riƙa cin ɗaya.

A ganina, ga allonmu Corten mai kaurin milimita 6 ya fi. Mai milimita 3 ya fi sauƙin ɗauka, amma a tsayin mita 2 yana kaɗawa, kuma gefensa yana yin siriri a ido kamar kwanon rufi.

Mataki na 4: Lissafin nauyi da iska

Wannan ne matakin da masu hannu suka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda zai iya jikkata mutum.

Nauyi ba wuya. Murabba'in mita ɗaya na baƙin ƙarfe yana da kilo 7.85 a kowace milimita ta kauri. Mai milimita 6 kilo 47 ke nan, allonmu mai murabba'in mita 2 kuma kilo 94 kafin a yanka zane. Idan huji ya cinye kashi ɗaya cikin uku, zai dawo wajen kilo 63.

Iska ce matsalar. Ɗauki guguwa mai gudun kilomita 90 a awa, wato mita 25 a daƙiƙa. Tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 39, idan aka ƙara abin da siffar shimfiɗaɗɗen allo ke jawowa, a ce kilo 50. A kan murabba'in mita 2, kilo 100 ke nan, kuma kamar a tsakiyar allon take turawa, mita ɗaya daga ƙasa. Kada ka rage komai saboda hujin; ka lissafa kamar allon a toshe yake, ragowar ta zama riba. Ka kuma lura cewa idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake.

To me zai hana shi kifewa? A ce gindinsa faranti ne mai mita 1.2 kowane gefe, allon yana tsakiya, wato santimita 60 zuwa bakin da zai kife a kai. Raba 100 da 0.6, ka sami kilo 167. Wannan shi ne nauyin da zai yi kunnen doki da iska kawai. Ƙara rabinsa don kariya, ya zama kilo 250. Allon kilo 63 ne, farantin gindi mai kaurin milimita 10 kuma kilo 113, jimla 176. Bai kai ba. Amma idan ka binne farantin a zurfin santimita 15, ƙasar da ke kansa za ta ƙara kusan kilo 300, ka wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba.

Shi ya sa faffaɗan gindi da aka binne ya fi ramin kankare a lambun wucin gadi. Duk kankaren da aka zuba sai an fasa an kwashe shi bayan biki. Inda wuri ya yi ƙunci saboda saiwar itace ko bututun ruwa, ana amfani da turakun ƙarfe masu murɗi da ake murɗawa cikin ƙasa, a ɗaure gindin a kansu da noti. Sannan inda allon ya haɗu da gindi nan ne duk ƙarfin ke taruwa, don haka sa masa haƙarƙari masu kusurwa uku gaba da baya, a ƙasa da inda ƙasa za ta rufe. Lanƙwasar da muka ba allon ma ba don kyau kawai ba ce, lanƙwasasshen faranti ya fi miƙaƙƙe tauri sosai.

Wannan lissafin na fara aiki ne. Duk abin da ya fi mutum tsayi kuma jama'a za su tsaya kusa da shi, kai zanen wurin injiniyan gini ya duba ya sa hannu. Masu shirya biki suna neman takardun tsaro kafin a fara gini, kuma takardar injiniya tana rufe bakin gardama.

Mataki na 5: Yanka, lanƙwasa, walda

Zana ganyen a kwamfuta ka fitar da shi a irin fayil ɗin zane da ake kira DXF, shi masu injin yankan ƙarfe na leza da na filasma suke karɓa. Leza ta fi tsabtar baki, filasma ta fi araha amma tana barin ɗan kaushi da sai an bi da giranda. Dokoki biyu: kada huji ya gaza kaurin farantin a faɗi, kuma gadar ƙarfen da ke tsakanin huji biyu ta kai aƙalla ninki biyu na kaurin, wato milimita 12 a namu. Bar gefe mai faɗin santimita 6 zuwa 8 ba huji a kewaye. Duba zanen da kyau kada wani yanki ya zama tsibiri, a yanke kewayensa duka ya faɗo ƙasa.

A shimfiɗe ake yankawa, sannan a kai injin naɗi a lanƙwasa. Faranti mai huji ba ya lanƙwasuwa daidai, inda huji ya yi yawa yakan karye kwana. Gaya wa mai injin ya bi a hankali, zagaye da yawa da ɗan matsi kaɗan-kaɗan, kuma ka kai masa katakon da ka yanka daidai lanƙwasar da kake so ya riƙa gwadawa.

A walda zafi ne abokin gaba, domin yana janye ƙarfe ya murɗe shi. Ɗiga walda a wurare da yawa ka kama komai tukuna, ka auna, sannan ka cike da gajerun layuka na santimita 4 zuwa 5, kana tsallakawa daga gefe zuwa gefe kana barin wuri ya huce. Waldar MIG, wadda inji ke turo mata waya, ta fi sauri a baƙin ƙarfe da Corten, waldar TIG, wadda ake ba ta waya da hannu, ta fi tsabta a sitenles da jan ƙarfe, waldar sanda kuma ta isa ga gindin da za a binne. Ga Corten nemi waya ko sandar da aka yi dominsa, mai ɗan nikel ko jan ƙarfe, in ba haka ba layin waldar zai iya fita da launi dabam. Ga sitenles 304 waya 308L ake sawa, ga 316 kuma 316L, kuma ware masa nasa faifan giranda da burushi. Faifan da ya taɓa baƙin ƙarfe yana barin ƙurarsa a jikin sitenles, bayan ruwan sama ɗaya sai ka ga ɗigon tsatsa ko'ina.

Idan zanen ya haɗa da sanduna masu kama da kara ko ganyen da aka buga, aikin maƙera ne. Sa rodi a wuta har ya yi ja mai ruwan lemo, wajen digiri 1,000, ka ɗora a uwar maƙera. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Da ya koma ja mai duhu mayar da shi wuta, in ka ci gaba da bugu zai tsage. Kada ka yi su duka tsayi ɗaya ko lanƙwasa ɗaya, ciyawa ba ta fitowa haka.

Bi duk baki da giranda da magagari har sai ka shafa da tafin hannu ba abin da ya kama ka. Huda ƙananan ramuka duk inda ruwa zai iya kwanciya.

Hayaƙin walda ba abin wasa ba ne. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, kuma daga 2019 hukumar tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta tsaurara doka har a kan waldar baƙin ƙarfe. Na sitenles da na ƙarfe mai tutiya sun fi muni. Sa abin zuƙe hayaƙi da takunkumi mai matata, ba tsumma ba.

Mataki na 6: Launi

Corten yana zuwa daga masana'anta da wani baƙin ɓawo, idan ba a cire shi ba tsatsar za ta fito dabbare-dabbare. Kai shi a yi masa feshin yashi, wanke maiƙo, sannan ka jingine shi a waje inda ruwa zai doke shi iska ta busar. Ba shi wata huɗu zuwa shida. Ma'ana, don bikin Mayu walda ta ƙare kafin ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Riƙa juya shi don fuskokin biyu su yi daidai, kuma kada ka kwantar da shi a kan katako, zai bar masa layi.

Idan lokaci ya ƙure ana gaggauta tsatsa. Fesa ruwan khal ka bar shi ya bushe, sannan ka fesa haɗin haidirojin feroksaid na kemis mai kashi 3 da ɗan khal da ɗan gishiri. Cikin mintuna zai yi ja. Maimaita na 'yan kwanaki, sannan ka wanke shi sosai da ruwa mai yawa don gishirin ya fita, domin gishiri yana kashe tsirrai kuma yana hana fatar gaskiya kamawa. Irin wannan tsatsa tana da haske kuma tana goguwa a tufa, ba ta kai ta ruwan sama kyau ba, amma daga bayan igiya ta wadatar. Gindin da zai shiga ƙasa kuwa shafe shi da fentin kwalta hannu biyu, har zuwa santimita 5 sama da inda ƙasa za ta tsaya.

Wanda ya zaɓi baƙin ƙarfe yana da hanya uku. Ta farko tsoma shi a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Duk bututu ko akwatin da ke rufe sai an huda masa mafitar iska, in ba haka ba yana iya fashewa a cikin kaskon, siraran faranti kuma sukan murɗe. Ta biyu fentin gari da ake gasawa a wajen digiri 180 zuwa 200, wanda ya fi ƙarko idan an yi shi a kan tutiya. Ta uku ta maƙera ce, a shafa man linsid ko kakin zuma a ƙarfe yana da ɗumi ya yi baƙi mai taushi. Ta isa mako guda na biki amma sai ana sabuntawa. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, jiƙa shi a ruwa kafin ka yar.

Sitenles ana goge shi ne daki-daki, daga takardar yashi mai lamba 80 zuwa 120, 240, 400, 600, sannan auduga da sabulun gogi. Idan ka tsallake lamba ɗaya, ƙarcen zai fito a rana.

Mataki na 7: Gwajin haɗawa da ɗauka

Raba aikin gida biyu tun a zane, gindi dabam, allo dabam, noti ya haɗa su. Wata guda kafin biki haɗa komai a shago daga farko har ƙarshe da irin kayan aikin da za ka tafi da su, ka duba agogo. Buga lamba a kowane sashe inda ido ba zai gani ba. Gayyaci mai zanen lambun ya zo da 'yan tukwanen tsirran da zai dasa a jera a gaban allon; idan launi bai yi ba, yanzu ne lokacin magana.

Jagorar hukumar tsaron ma'aikata ta Birtaniya ba ta son namiji ɗaya ya ɗauki fiye da kilo 25, saboda haka farantin kilo 113 aikin inji ne. Yi masa kunnuwan ɗauka. Allon kuma da majanyin zare ake ɗaga shi, sarƙa tana cizon baki tana goge tsatsa. Ƙera masa firam na katako ya tsaya a tsaye cikin mota, da tsohon bargo a duk inda ya taɓa wani abu. Kada ka naɗe Corten a leda, gumi zai taru ya bar masa baƙaƙen taswirori. Wanda aikinsa ya fi namu girma ya tuna cewa kaya mai faɗin da ya wuce mita 2.9 a titin Birtaniya sai an sanar da 'yan sanda tun kafin a taso.

Mataki na 8: Kafawa

Filin gini a Chelsea cunkushe yake, motoci suna shiga da takardar izini a lokacin da aka ba su, kowa da riga mai ƙyalli da takalmi mai ƙarfe a baki. Walda ko giranda a wurin sai da izini na musamman, kuma tartsatsi ɗaya a kan farin dutse ko gilashin maƙwabci ya isa ya haɗa ka faɗa. Ka zo da nufin ba za ka kunna komai ba sai sifana.

Da ɗan kwangilar ginin lambun za ka tsara rana. Gindi yana shiga da wuri, lokacin da ake haƙa ana dasa manyan itatuwa: a daddaɓe ƙasa, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora faranti a duba da ma'aunin lebur. Allon kuma ya shiga kafin masu dasa ƙananan furanni su fara a makon ƙarshe, domin da sun fara ba mai barin inji ya ratsa. A kowane ƙarfen ɗauri da ke haɗa allo da gindi sa noti ɗaya a ƙasan allon ɗaya a sama, da su za ka daidaita tsayuwarsa ba tare da ka sake ɗaga shi ba. Kafin ka ɗaure tamau, tura mai zane ya tsaya a layin igiya ya ce maka dama ko hagu. Juyi na yatsa biyu yana canja inda inuwa ke sauka.

Idan akwai farin dutse kusa, bar zirin tsakuwa ko ƙasa tsakaninsa da Corten, ka kuma roƙi masu ban ruwa kada su fesa a jikin ƙarfen. Rufe allon da yadi har a gama ƙura. Alƙalai suna zagayawa kafin a buɗe wa jama'a, Litinin ranar 'yan jarida ce da iyalan gidan sarauta, safiyar Talata ake sanar da lambobi. Kafin zuwansu share ƙura da burushi mai taushi, goge sawun yatsu idan sitenles ne, ka tabbata ba noti ko bakin faranti da ya leƙo daga ƙasa. Bar wa masu kula da lambun tsumma da burushi da bayanin abin da ba a taɓawa.

Mataki na 9: Kwashewa

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma ake kaɗa ƙararrawa a fara sayar da tsirrai, daga nan rushewa ta fara, kuma ta fi gini sauri da ganganci. Kasance a wurin da firam ɗinka da sifanarka a ranar farko, kafin injin haƙa ya iso kusa da allon.

Yanzu yawancin lambunan ana mayar da su wani wuri na dindindin, asibiti ko makaranta ko filin unguwa, musamman tun 2022 da shirin Project Giving Back ya fara ɗaukar nauyin lambunan ƙungiyoyin agaji. A can babu igiya, yara za su rataya a jikin allon su cusa yatsu a huji, kuma zai fuskanci guguwar hunturu wadda ta fi ta Mayu. Farantin da aka binne don kwana biyar ba zai wadatar ba. Koma wurin injiniya ya ba ka girman tushen kankare daidai da ƙasar wurin, sake duba duk hujin da yatsan yaro zai iya maƙalewa, sabunta fentin kwaltan gindi, ka bar wa sababbin masu shi takarda mai faɗin irin ƙarfen da girman notinsa da lokacin da za su riƙa duba ɗaurin.